Igama: kada ka bari ta mutu a aljihunka

  Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Doso, da Yamai, da na ƙauyuka duka. Muna gaida malumanku. Ku matso kusa da rediyo. Mai allo ya ɗauko allonsa, mai kaye ya ɗauko kayensa da bik, gama yau akwai lambobin da za mu rubuta.

Maganarmu ta yau ta masu tafiya biɗa ce. Babu garin da ba shi da ɗa a waje. Wani yana Najeriya, wani Gana, wani Kodebuwa, wani Libiya ko Aljeriya, wani kuma Saudiya. Kowace ƙasa da dokarta a kan baƙi. Amma abu guda ya haɗa su: baƙon da ke aiki, takarda ce ke riƙe da shi. Takardar kuwa tana da ranar mutuwa.

Tsofaffinmu sun san haka. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su fita. A watan farko na 1983 gwamnatin Najeriya ta ba su sati biyu. Mutanenmu da yawa sun komo gida a lokacin, wasu ba su samu ko ɗaure kayansu ba.

Yau za mu ɗauki ƙasa guda, mu bi ta daki-daki. Ƙasar ita ce Saudiya, inda ɗiyanmu ke tuƙin mota, da gini, da gadi, da kiwo, da aikin gida. In kai ne mai niyyar tafiya, ka saurara. In mijinki ko ɗanki ne ke can, ki saurara, ki kuma aika mishi.

1. Takardu biyu ne

Wanda ya shiga Saudiya da bizar aiki, ba bizar ce za ta zaunar da shi ba. Biza ta buɗe ƙofa ce kawai. Cikin kwana 90 da shigarka, dole uban gidanka ya fitar maka da takardar zama. Ita ce ake ce ma igama. Uban gidan kuma, wanda sunanka ke ƙarƙashinsa, shi ake ce ma kafili.

In kamfani kake ma aiki, takardunka biyu ne. Ta farko, takardar izinin aiki. Ma'aikatar ƙwadago ke ba da ita. Ta biyu, igama. Biron fasfo da baƙi ke ba da ita, wanda can ake kira Jawazat. Takardun nan biyu kamar raƙumi da akala suke. Sai an sabunta ta aiki, kana a sabunta ta zama. In ta aiki ta tsaya, igama ma ta tsaya.

Igama tana da lamba. Lambar ƙwaya 10 ce, tana farawa da 2. Ka hardace ta kamar sunan ubanka. Da ita ake saninka a banki, da likita, da wurin aika kuɗɗi, da gaban ɗan sanda.

2. Wa ke sabuntawa, wa ke biya?

Ku riƙe wannan da kyau. Sabunta igama aikin uban gida ne. Biya ma nasa ne. Dokar ƙwadago ta Saudiya, a sashe na 40, ta ɗora ma mai ɗaukar aiki kuɗɗin igama, da na takardar aiki, da na sabunta su. Har tarar da ake ci in an makara, shi doka ta ɗora ma. Mai aikin gida, da direban gida, dokarsu daban take, amma su ma uban gida ke biya musu. Saboda haka in aka ce za a yanke kuɗɗin igama cikin albashinka, ka sani ba doka ce ta ce haka ba.

To, domi wasu iyayen gida ke jan ƙafa? Don abin yana da tsada. Igamar ma'aikacin kamfani riyal 650 ce a shekara. Ta mai aikin gida riyal 600. Bayan wannan, tun 2020 kamfanoni da yawa suna biyan haraji riyal 700 ko 800 kowane wata a kan kowane baƙo da suka ɗauka. Ku ɗauki allo mu lissafa. 800 sau 12, ya zama 9,600. A ƙara 650, ya zama 10,250. Riyal guda yana kai sefa 150 ko ɗan fi, gwargwadon canjin rana. Ke nan abin ya kai wajen jika 1,500 a shekara, a kan mutum guda. Kamfanin da kasuwa ta juya ma baya, nan yake fara maƙalewa.

Tun 2021 an yi sauƙi. Kamfani yana iya sabuntawa na wata 3, ko 6, ko 9, ko 12. Wannan sauƙi ne ga uban gida, amma kai sai ka buɗe ido. In an ce maka "an sabunta", ka tambaya: na wata nawa? Kada ka kwanta da lissafin shekara, ashe wata ukku aka biya.

Akwai kuma wani dalili. Tun 2011 hukumar can tana auna kamfanoni da launi, gwargwadon ƴan ƙasa da suka ɗauka aiki. Kamfanin da ya faɗa cikin ja, ba a sabunta mishi takardun aikin baƙinsa. Ko yana da kuɗɗin, ƙofa a rufe take.

Ga inda maganar take. Sabuntawa aikin uban gida ne, gaskiya. Amma ranar da aka tare hanya ana duba takardu, ba uban gida za a tsayar ba. Kai za a tsayar. Don haka kada ka ce ba ruwanka.

3. Ka iya karanta ranarka da kanka

Nan ne amfanin karatunku yake. Tun 2015 ba a canza katin igama kowace shekara. Sabuntawa cikin na'ura ake yin ta. Kati yana iya zama sabo ƙal a aljihunka, izinin kuwa ya mutu tun sati biyu. Ranar gaskiya tana cikin wata hanya ta hukuma da ake kira Absher, wadda ake buɗewa a salula. Kowane mai igama yana iya buɗe tasa. Ka buɗe da lambar wayarka, ba da ta wani ba. Lambar sirrin kuwa, kada ka ba kowa, ko uban gida, ko ɗan garinku. Maganar kwantara da takardar aiki kuma tana cikin wata hanyar, sunanta Qiwa. Ta masu aikin gida ita ce Musaned.

Abu biyu ke ruɗa mutanenmu wajen karanta rana.

Na farko, lambobi. Larabawa suna da nasu zane. Wanda ya yi makarantar allo ya san su. Wanda bai sani ba, malam ya zana mishi a allo. Ku lura da guda ukku. Biyar ɗinsu zagaye ce, kamar sifilinmu: ٥. Sifilinsu ɗigo ne kawai: ٠. Shiddansu kuwa ta yi kama da bakwai ɗinmu: ٦. Wanda ya ga wata na 6 ya karanta 7, ya ƙara ma kansa wata guda da ba shi da shi.

Na biyu, watanni. Wani lokaci za ka ga rana da watan Nasara, wani lokaci da watan Musulunci. In ka ga shekara ta fara da 14, ta Musulunci ce. In ta fara da 20, ta Nasara ce. Ga misali, ku rubuta: 1448/08/15. Shekara tana hagu, wata yana tsakiya, rana tana dama. Wata na 8 shi ne Sha'aban. Ke nan 15 ga Sha'aban na 1448. Wata na 9 shi ne watan Azumi, na 10 na ƙaramar Salla, na 12 na Layya. Ku tuna kuma, shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355. Ta Nasara kwana 365 ce. Tsakaninsu akwai kwana 10 ko 11. Wanda ya lissafa da wadda ba ita ba, kwanakin nan za su ci shi.

In ka gane ranarka, ka rubuta ta da babban baƙi, ka manna a bangon ɗakinka. Ka kuma aika ma gida.

4. Abin da za ka shirya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukuma ba ta hana a sabunta da wuri ba. Tun saura wata biyu, ka tunatar da uban gida. Ka yi mishi magana da ladabi, ka kuma aika mishi saƙo a rubuce ta waya, don ya zama shaida. Kafin nan, kai ma ka gyara naka ɓangare.

Na ɗaya, fasfo. Ba a sabunta igama a kan mataccen fasfo. Fasfo kuwa na ƙasarmu ne, ba uban gida ke sabunta shi ba. Nijar tana da ambasad a Riyad, tana da ƙaramin biro na jakadanci a Jidda. Aikin fasfo yana ɗaukar lokaci. Ka duba ranarsa, ka fara nema tun saura watanni da yawa. In sabo ya fito, a kai lambarsa Jawazat a shigar da ita, in ba haka ba na'ura tsohon ta sani.

Na biyu, asurans ta lafiya. Ma'aikacin kamfani ba a sabunta mishi igama sai tana da rai. Ita ma kamfani ke biya.

Na ukku, tarar hanya. Ku direbobi, da ku nake. Can na'urar ɗaukar hoto ce ke kama mai gudu da mai ƙetare jar wuta. Tarar tana hawa kan lambar igamarka, ko ba ka sani ba. In ba a biya ta ba, sabuntawa na iya tsayawa. Ka riƙa dubawa cikin Absher.

Na huɗu, sana'a. Aikin da aka rubuta a igamarka, shi doka ta yarda ka yi. In an rubuta makiyayi kana tuƙin mota, akwai matsala. Ka nemi uban gida ya gyara ta hanyar hukuma.

Na biyar, wanda ya kai iyalinsa. Tun watan 7 na 2017 ana biyan kuɗɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin baƙo. An fara da riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020. Wannan kam kai ke biya, kuma sai an biya ake sabuntawa.

5. In ta mutu, mi ke faruwa?

Karon farko, tara riyal 500. Wato wajen jika 75. Karo na biyu, riyal 1,000. Karo na ukku, ana iya fitar da mutum daga ƙasar.

Amma tara ba ita ce babbar hasara ba. Mai matacciyar igama ba ya iya aika kuɗɗi gida da sunansa. Bayan ɗan lokaci banki yana rufe ajiyarsa. Ba ya samun bizar fita da komowa, ko da rasuwa aka yi a gida. Ga tsoro kullum, ya ga motar ƴan sanda gabansa ya faɗi. Sai ya fara ba wani kuɗɗinsa ya aika mishi. Nan ake cin amana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In aka kama mutum ba takarda, ana kai shi gidan tsaro na masu jiran kora. Can ana ce mishi tarhil. Babbansu yana Shumaisi, tsakanin Jidda da Makka. Daga nan sai jirgi. An ɗauki zanen yatsunsa, ko ya canza suna na'ura ta san shi.

Ku lissafa abin da yake bari a baya. Ma'aikacin kamfani, in kwantararsa ta ƙare lafiya, doka ta ba shi kuɗɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. Mai albashin riyal 1,500, rabinsa 750. In ya yi shekara 4, 750 sau 4, ya zama 3,000. Wanda aka kora da rigar da ke wuyansa, da wuya ya ga wannan kuɗɗi. Gumin shekara huɗu ne.

6. In uban gida ya ƙi

A ce ka tunatar, ka sake tunatarwa, ranar ta zo ta wuce. Mi za ka yi? Kada ka yi shiru, kada kuma ka yi faɗa. Akwai hanya.

Tun 14 ga Maris na 2021 dokar can ta sauya ga ma'aikatan kamfani. In igamarka ko takardar aikinka ta mutu uban gida bai sabunta ba, kana iya komawa wurin wani kamfani ba da yardarsa ba. Haka in ya hana ka albashi wata 3 a jere. Sabon kamfanin ne zai aiko maka da tayi ta Qiwa, kai kuma ka karɓa. Kafin ka danna "na yarda", ka karanta albashi, da sana'a, da tsawon kwantara. In Larabci ya fi ƙarfinka, ka nemi amintacce ya karanta maka.

Masu aikin gida ba su cikin sauyin 2021. Amma su ma dokarsu ta ba su hanyar canza uban gida in ya ƙi sabunta igama, ko ya riƙe albashi. Ke mai aikin gida, ki san wannan.

Ma'aikatar ƙwadago tana da lambar waya ta kai kuka. Ku rubuta: 19911. In kuka ya shiga, ana fara kiran ku biyu a nemi sulhu. In sulhu bai yiwu ba cikin kwana 21 na aiki, magana ta wuce gaban alƙalin ƙwadago. Gaban alƙali kuwa, takarda ke magana. Don haka ka ajiye hoton kwantararka, da na igama, da na fasfo, da saƙonnin da ka aika. Ka kuma sanar da biron jakadancinmu halin da kake ciki. Matambayi ba ya ɓata.

Fasfo naka ne. Dokar can ta hana uban gida ya riƙe shi. Ka ajiye shi wurin da ruwa da wuta ba za su kai ba.

7. Abubuwa ukku da ba a yi

Kada ka gudu. In ka bar aiki ba sallama, uban gida zai sanar da hukuma ba ka nan. Shi ne mutanenmu ke ce ma hurub. Tun 2022 ma'aikacin kamfani yana da kwana 60 bayan sanarwar, ya koma wurin wani ko ya fita ƙasar. In kwanakin suka cika bai yi ko ɗaya ba, ya zama mai laifi. Wanda ke da gaskiya ya gudu, ya ba abokin shari'arsa sanda.

Kada ka sayi abin da dillalai ke kira bizar sake, wai ka biya kafili kowace shekara, ka je ka yi aikin da kake so. Babu irin wannan biza a doka. Doka ta hana baƙo ya yi ma wani aiki in ba uban gidansa ba, ta kuma hana shi aikin kansa. Hukunci yana kaiwa tara riyal 50,000, da kaso wata 6, da kora. Irin wannan kafili, ran da ya ga dama sai ya ƙara kuɗɗi. In ka ƙi, ya ƙi sabuntawa, ba ka da inda za ka kai kuka.

Kada ka shiga da bizar Umra ko ta Hajji ka ce za ka zauna aiki. Bizar ibada ba ta zama igama. Wasu suna cewa a zauna, za a yi afuwa. Gaskiya an yi afuwa a 2013, an yi a 2017. An ba marasa takarda wa'adi su gyara ko su fita ba tara. Amma afuwa ba damina ba ce da za ka ce baɗi tana tafe. Bayan wa'adin 2013 ya cika a farkon Nuwamba, kame ne ya biyo baya, gida-gida, kasuwa-kasuwa.

8. Ga mutanen gida

Ku da ke gida, kuna da hannu cikin wannan magana. Ke uwargida da ke zuwa aji da dare, yanzu kin iya rubuta rana da wata. Ki buɗe shafi guda cikin kayenki. Ki rubuta sunan mai gida kamar yadda yake a fasfo, da lambar fasfo, da lambar igama, da ranar mutuwar kowace. In saura wata biyu, ki tuna mishi ta waya. In wani abu ya same shi, da wannan shafi za a neme shi.

Kai uba, kai yaya, in lokacin gyaran fasfo ya zo, kada ku matsa mishi da buƙatun gida. Wata guda da ba a aiko ba ya fi shekara da za a yi ba a aiko ba.

Wanda kuma zai zo gida hutu, ya lissafa kwanakinsa tun bai hau jirgi ba. Ya duba ranar igama, ya duba ranar da bizar komowa ke ƙarewa. Kada daɗin gida ya sa ya manta.

Wanda ɗansa ke wata ƙasa daban, sunan takarda zai bambanta, biro zai bambanta. Tambayoyin kuwa guda ne: yaushe za ta mutu, wa ke sabuntawa, wa ke biya, ina ake kai kuka.

9. Aikin aji

Malam, in an rufe rediyo, ku yi wannan tare da ɗalibai.

Ɗaya: ku rubuta lambobin Larabci daga 0 zuwa 9, kowace ƙarƙashin tamu.

Biyu: ku karanta wannan rana: 1448/10/06. Wane wata ne? Wace rana?

Ukku: mai albashin riyal 1,200 ya yi shekara 5, kwantararsa ta ƙare lafiya. Nawa ne kuɗɗin sallamarsa?

Huɗu: ku yi mahawara. A garinku, mutum nawa ke waje? Cikinsu, nawa ne iyalinsu suka san ranar mutuwar takardarsu?

Ku rubuto muna amsa da hannunku. Malam ya tattara ya aiko ta hannun mai kula da yaƙi da jahilci na yankinku.

Nan za mu dakata. Allah ya tsare matafiyanmu, ya sa albarka cikin guminsu, ya maido muna su lafiya. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu. Salamu alaikum.